Don an hana zalunci ne ya zama mummuna, ko don muninsa ne aka hana shi?

Wata Asabar da hantsi ina karanta wa 'yan aji biyar na Islamiyyar unguwarmu hadisin nan da ke cewa gaskiya tana kai mutum ga aikin kirki, ƙarya kuwa tana kai shi ga fajirci. Na gama fassara ina shirin wucewa gaba, sai wata yarinya da ba ta haura shekara goma sha biyu ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da a ce Allah bai hana ƙarya ba, in mutum ya yi ba laifi ke nan?" Aji ya yi tsit. Ƙawarta ta zungure ta da gwiwar hannu, wani yaro daga can baya ya ce a'uzu billahi. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai Ya riga Ya hana, zauna." Ta zauna, ba ta ƙara ɗaga hannu ba har aka tashi.

Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin na san rufe mata baki na yi, ban amsa mata ba. Na kuma san tambayar ba shirme ba ce, ba kuma fitsara ba ce. Ita ce ta raba kan manyan malaman tauhidi da na usulu tsawon ɗaruruwan shekaru, har suka sa mata suna mas'alar husnu da ƙubhu, wato kyau da muni. Duk mai son leƙa falsafar ɗabi'a, da wuya ya samu ƙofar shiga da ta fi wannan, domin a bakinta ne addini da hankali da tarbiyya suke haɗuwa.

An yi wannan tambayar a ƙasar Girka tun kafin a yi ta a Basra. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gurfanar da masanin falsafa Sukrat a birnin Atina, bisa zargin ɓata matasa da ƙin girmama allolin gari. Almajirinsa Aflatun ya rubuta wata gajeriyar muhawara da ya nuna ta faru a ƙofar kotu kafin a fara shari'ar. Sukrat ya gamu da wani mutum mai suna Yutifuro, mai ganin kansa gwani a sha'anin addini, ya zo ƙarar mahaifinsa. Wani ɗan ƙodago da ke yi musu aiki a gona a tsibirin Naksos ne ya bugu ya kashe wani bawan gidan. Uban ya ɗaure shi hannu da ƙafa ya jefa shi rami, ya tura ɗan aike Atina a tambayo hukunci. Kafin ɗan aike ya dawo, yunwa da sanyi sun ƙarasa mutumin. Dangi suna ta tsine wa Yutifuro, ɗa ya kai uba ƙara saboda mai kisan kai. Shi kuwa ya dage cewa abin da ya yi shi ne tsoron alloli na gaskiya.

Sukrat ya nemi ya faɗa masa mene ne aikin ƙwarai. Ya ce abin da alloli ke so. Sukrat ya tuna masa cewa a labaransu alloli faɗa suke yi da juna, abin da wannan ke so wancan ƙi yake yi. Ya gyara ya ce abin da dukkansu suka haɗu a kan so. Nan Sukrat ya jefa masa tambayar da har yau ake juyawa: don abin yana da kyau ne suke son sa, ko kuwa don suna son sa ne ya zama mai kyau?

Mu da muka yi imani da Allah ɗaya, rigimar alloli ba ta shafe mu ba. Amma tambayar ta biyo mu har gida, kuma kowane gefenta da ƙaya. In ka ce umarni ne kaɗai ke sa abu ya yi kyau, to da an umarci mutane da cin amana da ya zama ibada, kuma faɗin cewa Allah Mai adalci ne bai ƙara komai ba, tunda duk abin da aka yi sunansa adalci. In kuma ka ce abu yana da kyaunsa tun kafin umarni, sai a tambaye ka: wa ya ajiye wannan ma'aunin? Akwai wata doka ke nan da ke sama da Mahalicci, wadda Shi ma dole Ya bi? Malaman Kirista na Turai su ma sun sha fama da ita. Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ba hankali fili mai faɗi, Wiliyam na Okam da ya zo bayansa ya karkata ga umarni. Amma ban san inda aka tattake mas'alar da zurfi kamar zaurukan malaman Musulunci ba.

Mu'utazilawa, wata ƙungiya ta malaman tauhidi masu ba hankali babban matsayi, su ne suka fara kafa tuta. Ana danganta farkonsu ga Wasil ɗan Aɗa'u, wanda ya ware daga majalisin Hasanul Basri a Basra, ya rasu a 748. Su da kansu Ahlul Adli wat Tauhidi suke kiran kansu, kuma wanda ya fi tsara musu wannan babi shi ne Alƙali Abdul Jabbar, babban alƙalin birnin Rayyu na ƙasar Farisa, wanda ya rasu a 1025. A wurinsu akwai abubuwan da duk mai lafiyayyen hankali ya san muninsu ba sai an gaya masa ba, irin su zalunci da butulci da ƙaryar da ba ta tsare kowa daga cuta. Akwai kuma waɗanda ya san wajibcinsu, kamar mayar da ajiya ga mai ita da gode wa wanda ya kyautata maka. Wahayi a ganinsu kamar fitila yake a ɗaki mai duhu, yana nuna abin da ke ciki, ba shi ne ya zuba kayan ba. Suna kafa hujja da cewa mutanen da ba su yarda da annabci ba sam, su ma suna ƙyamar azzalumi suna yabon mai amana.

Hujjarsu da ta fi kaifi a wurina ita ce ta annabci. Da me ka san Annabi gaskiya yake faɗa? Da mu'ujiza. Da me ka san Allah ba zai ɗora mu'ujiza a hannun maƙaryaci ba? Domin yin haka yaudarar bayi ce, yaudara kuwa mummunan abu ce da ba ta dace da Shi ba. To in sai da wahayi ake sanin munin yaudara, ga shi kuma sai an san munin yaudara ake gaskata wahayi, an zama akuyar da ke kewaya turke, tafiya ake yi amma ba a bar wurin ba.

Da sun tsaya nan, da rigimar ba ta yi zafin da ta yi ba. Sai suka ƙara taki ɗaya. Suka ce tunda hankali ya san adalci, to wajibi ne a kan Allah Ya yi wa kowane bawa abin da ya fi zama maslaha gare shi. Kalmar wajibi a kan Allah ita ce ta tsaya wa mutane a maƙogwaro, kuma ta nan ne ɗan gida ya ɓalle. Abul Hasan al-Ash'ari ya yi karatu a gaban shugaban Mu'utazilawan Basra, Abu Ali al-Jubba'i, har ya kai kimanin shekara arba'in. Littattafan tarihi suna ba da labarin wata tambaya da ya yi wa malamin nasa a kan 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu salihi, ɗaya ya girma ya mutu fajiri, na uku ya mutu yana yaro. Jubba'i ya ce na farko yana cikin manyan darajoji, na biyu yana wuta, na uku ya tsira amma ba shi da daraja. Ash'ari ya ce in yaron ya nemi darajar yayansa fa? Sai a ce masa yayanka da aiki ya same ta. In ya ce ya Ubangiji, ai ba Ka bar ni na rayu na yi aikin ba? Sai a ce masa an san in ka girma saɓo za ka yi, shi ya sa aka duba maslaharka aka ɗauke ka da wuri. Ash'ari ya ce to in na cikin wuta ya ɗaga murya ya ce ya Ubangiji, ni me ya sa ba a duba tawa maslahar ba? Aka ce Jubba'i ya rasa ta cewa.

Daga nan Ash'ari, wanda ya rasu wajen 935, ya gina nasa ɗakin a kan wani harsashi dabam. Zalunci a wurinsa shi ne ƙetare iyakar da aka gindaya maka, ko taɓa abin da ba naka ba. Allah kuwa ba wanda ke sama da Shi balle ya gindaya maSa iyaka, kuma ba abin da ba naSa ba. Ayar Suratul Anbiya ta ce ba a tambayar Sa abin da Yake aikatawa, su ne ake tambaya. Saboda haka mai kyau shi ne abin da shari'a ta yaba wa mai yin sa, mummuna shi ne abin da ta hana. Bai ji tsoron bin maganar har ƙarshenta ba, ya ce ƙarya ta zama mummuna ne don Allah Ya munana ta. Da yarinyar ajina ta yi wa Ash'ari tambayarta, da amsa kai tsaye za ta samu, ba tsawa ba.

Kada a yi gaggawar raina wannan matsayi, domin yana da abin riƙewa. Azumin ranar ƙarshe ta Ramadan farilla ne, na washegari haramun ne. Rana ɗaya ce ke fitowa, ciki ɗaya ne ke jin yunwa, wane hankali ne zai gano bambancin in ba a faɗa masa ba? Me ya sa Magariba raka'a uku, Asuba biyu? Ga kuma Annabi Ibrahim (AS) da aka umarta da yanka ɗansa, ya miƙa wuya, aka yabe shi a kan haka.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ne ya shiga cikin zuciyar ɗan Adam ya kwance hujjar Mu'utazila zare-zare. Ya ce yawancin abin da mutane ke kira kyau, abin da ya dace da buƙatarsu ne, abin da suke kira muni kuwa wanda ya saɓa mata. Ruwan da manomi ke yi wa hamdala shi ne wanda mai tubali a shanya ke yi wa salati. Ya ce in ƙarya mummuna ce a zatinta, yaya za a yi da wanda ya ɓoye Annabi a gidansa, azzalumi ya zo da takobi yana tambaya? Kowa ya yarda ƙarya a nan wajibi ce, abin da yake mummuna a zatinsa kuwa bai kamata ya juye ba. Bajamushen masanin falsafar nan Kant ya zaɓi ɗaya hanyar a 1797, ya ce ko mai neman kashe abokinka ne ya tambaye ka inda yake, ba ka da ikon yi masa ƙarya, kuma mutane kaɗan ne suka iya bin sa zuwa can. Gazali ya ƙara da cewa tun muna yara ake cusa mana ƙin ƙarya, muka kuma ga yawanci cuta take jawowa, sai ƙyamar ta manne wa sunan har muka zaci daga hankali tsantsa ta fito. Ya kwatanta abin da wanda maciji ya sara, in ya ga igiya mai zane sai ya zabura. Mu ma muna da irin wannan a karin maganarmu, sai dai mu tsumma muke cewa.

Da tafiya ta yi nisa, sai malaman Ash'ariyya na baya suka taƙaita filin daga. Fakhruddin ar-Razi, da Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, sun ce kalmar kyau tana ɗaukar ma'ana uku. In ana nufin abin da rai ke so ko yake ƙi, kamar ceton wanda ruwa zai ci, hankali ya san wannan. In ana nufin cika da tawaya, kamar ilimi da jahilci, shi ma hankali ya sani. Abin da ake jayayya a kai kawai shi ne na uku: ko hankali shi kaɗai zai iya cewa wannan aiki akwai lada a kansa a lahira, wancan akwai azaba. Wannan rarrabewa ta rage tazarar sosai, kuma na lura da yawa daga cikin masu ɗaga murya a kan Ash'ariyya, masu yabo da masu suka, ba su san da ita ba.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ni ita zuciyata ta fi natsuwa da ita. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandu, wanda ya rasu a 944, da mabiyansa sun ce hankali yana iya gane kyau da munin abubuwa da yawa, amma Mai hukunci Allah ne, kuma ba a ɗora maSa wajibi. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun zo da magana mai kama da wannan: zalunci mummuna ne tun kafin manzo ya zo, mai yin sa abin zargi ne, amma azaba ba ta tabbata sai bayan an aiko manzo, kamar yadda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta faɗa. Sun kafa hujja da aya ta 28 a Suratul A'arafi, inda mushirikai ke aikata alfasha su ce Allah ne Ya umarce su, aka ce a gaya musu Allah ba Ya umarni da alfasha. In alfasha ba ta da wata ma'ana sai abin da aka hana, ayar za ta koma cewa Allah ba Ya umarni da abin da Ya hana, wannan kuwa ba raddi ba ne ga kowa. Ayar tana da ƙarfi ne domin masu saurare sun riga sun san alfasha in sun gan ta. Hadisi Ƙudsi na 24 a Arba'una kuma cewa ya yi Allah Ya haramta wa kanSa zalunci. Ba wata doka ce daga waje ta tilasta Shi ba, cikar siffarSa ce. Ta nan ne ƙayar nan ta biyu ta Sukrat take karyewa, domin ma'aunin ba ya sama da Mahalicci, hikimarSa da rahamarSa ne, kuma Shi ne Ya halicci hankalin da ke hango wani yanki nasu.

Sira ma tana ba da shaida. Daren da wahayi ya fara sauka, Manzon Allah (SAW) ya koma gida jikinsa na rawa, Nana Khadija ta rantse cewa Allah ba zai taɓa kunyata shi ba, domin yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin gajiyayye, yana karrama baƙo, yana taimako a kan masifun da ke faɗa wa mutane. A lokacin ba a saukar da hukunci ko ɗaya a kan zumunci ko baƙo ba. Ta san waɗannan halaye na ƙwarai ne, ta kuma san Ubangiji ba Ya wulaƙanta mai su. Kafin annabci ma, da Asi ɗan Wa'ilu ya danne kuɗin wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman, wasu gidajen Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka. Manzon Allah ya halarta yana saurayi, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irin wannan alkawari da ya amsa. Da Alƙur'ani ya zo kan masu binne 'ya'ya mata da rai, tambaya ya yi: da wane laifi aka kashe ta? Ba a yi wa mutum irin wannan tambaya sai in akwai abin da zai amsa daga cikin ƙirjinsa.

Wannan duk ba baƙon karatu ba ne a ƙasar Hausa. Aƙidar Ash'ariyya ta shigo zaurukanmu musamman ta hannun Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma duk wanda ya karanta Ummul Barahina ya san da hukuncin hankali take buɗewa: wajibi, mustahili, ja'izi. Masu karatun Sanusi da masu karatun Ibn Taimiyya a garuruwanmu, kowa zai tarar da mas'alar kyau da muni a littattafan malamansa in ya bincika. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya bar mana gargaɗi a kan yadda ake riƙe irin wannan ilimi. A zamaninsa akwai ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda littafi ya tsara ba, ya tsaya ya yi ta rubutu yana kare imanin talakawan. Ilimin kalami, wato na kafa hujjojin tauhidi, na buɗe kai ne, ba bulalar dukan jama'a ba.

Harshenmu ma ya ɗauki gefe ba tare da mun lura ba. Kalmar hankali daga aƙli ta Larabci aka aro ta, amma in Bahaushe ya ce yaro mai hankali, ba ƙwaƙwalwar lissafi yake nufi ba. Yana nufin yaron da ya san ya kamata, mai gaida na gaba, wanda ba ya taɓa abin da ba nasa ba. Uwa in ɗanta ya fizge abin hannun ƙaninsa, kafin ta ce haramun ne ta riga ta ce ba kyau. Duk wanda ya zauna da Maguzawa kuwa ya san gaskiya da kunya da riƙon amana suna cikin tarbiyyarsu.

Abin da ya sa na damu da wannan muhawara shi ne abin da take haifarwa a aji da kasuwa da ofis. Yaron da aka rene shi a kan cewa ba abin da ke sa abu ya yi muni sai rubutaccen hani, ba a taɓa nuna masa fuskar wanda aka cuta ba, in ya girma ƙofar baya zai riƙa nema. Shi ne zai ba matarsa kyautar dukiyarsa wata ɗaya kafin shekara ta cika, ya karɓe bayan lokacin zakka ya wuce. Shi ne zai shirya auren kisan wuta, da waliyyi da shaidu da sadaki, komai a cike, alhali kowa a wurin ya san wasa ake yi da aure, kuma hadisi ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa. Shi ne zai yi algus ya ce a kawo masa nassin da ya ambaci irin hajarsa, ko ya karɓi kason kwangila ya kira shi ihsani. An yi irin wannan tun zamanin Manzon Allah: wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Amsar da aka ba shi ta hankali ce zalla, aka ce me ya hana ya zauna a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko kyautar za ta zo?

Mafi muni shi ne wanda aka kashe wa wannan ƙararrawa ta cikin zuciya gaba ɗaya, domin shi duk wanda ya riƙe masa fassarar nassi ya riƙe masa wuƙa. Malaman tarihi sun kawo yadda Khawarijawa, masu tsattsauran ra'ayin da suka yi wa Sayyidina Ali tawaye, gab da yaƙin Naharawan a 658, suka yanka Abdullahi ɗan sahabi Khabbab, suka farke cikin matar da ke ɗauke da jaririnsa, alhali a wannan tafiyar ɗayansu ya tofar da dabino guda don an ce bai biya ba. Mu ma mun ga irinsu da idonmu. Waɗanda suka shiga makarantar kwana a Buni Yadi a watan Fabrairun 2014 suka kashe yara a ɗakunan barcinsu, an gaya musu umarni ne. Da akwai sauran abin da ke motsi a ƙirjinsu, da sun ce Allah ba Ya umarni da alfasha, wanda ya kawo mana wannan fassara ƙarya yake yi. Duk wanda zai fake da ƙissar Annabi Ibrahim ya tuna cewa shi Annabi ne da wahayi ke zuwa masa kai tsaye, an rufe wannan ƙofa, kuma ko a can an fanshi yaron, ba a zubar da jininsa ba.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya ramin ba. Hankali lauya ne mai arha, son zuciya na iya ɗaukar sa haya. Masu binne 'ya'yansu suna da dalilansu, tsoron talauci da tsoron abin kunya. A 1927 kotun ƙolin Amurka, alƙalai takwas cikin tara, ta halatta a yi wa waɗanda aka kira masu raunin ƙwaƙwalwa aikin hana haihuwa da ƙarfi, da sunan kimiyya da gyaran al'umma, kuma dubban mutane aka yi wa. Ra'ayin da Mu'utazila ke goyon baya na cewa Alƙur'ani halitta ne ma, da ya samu gindin zama a fada, Halifa Ma'amun ya fara tilasta shi a 833, aka yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala a zamanin Mu'utasim. Tsoron Ash'ari ke nan, kuma tsoro ne mai tushe: mutum ya auna Ubangijinsa da mudun kansa, gobe kuma ya sauya mudun. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi ta riƙe gefen biyu. Musa bai yi shiru ba da ya ga an huda jirgi an kashe yaro, ya kira abin da sunansa. A ƙarshe kuma aka nuna masa akwai dalilin da idonsa bai kai ba, dalilin kuwa rahama ce.

Yadda Manzon Allah ya koyar shi ya fi komai gamsar da ni. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wani saurayi ya zo ya ce a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa, Manzon Allah ya ce ya matso. Ya tambaye shi, za ka so wa mahaifiyarka? Ya ce a'a wallahi. Ya ce haka mutane ba sa so wa iyayensu. Ya bi da shi ta kan 'yarsa, 'yar'uwarsa, gwaggonsa, innarsa, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Saurayin ya riga ya san hukuncin, shi ya sa ma ya zo neman izini. Abin da ya rasa shi ne ganin mutanen da ke bayan hukuncin, kuma shi aka ba shi.

Asabar ta gaba na kira yarinyar gaban aji, na fara da ba ta haƙuri a kan yadda na zaunar da ita. Na ce, "'Yata, an taɓa yi miki ƙarya?" Ta ce yayarta ta taɓa cewa za ta tafi da ita biki, ta sa ta yi wanka ta yi kwalliya, ta zame ta ƙofar baya. Na ce a ranar wa ya karanta miki hadisi kafin ki san an cuce ki? Ta ce ba kowa, kuka kawai ta yi. Na ce to Wanda Ya halicci wannan zuciyar da ta ji zafin, Shi ne Ya saukar da hanin, kuma hanin ya ƙara miki abin da kukan bai gaya miki ba, cewa akwai ranar da za a tsaya a kan maganar, ko da ba wanda ya gani.

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, wanda ya yi azumi ranar Sallah fa, wa ya cuta?" Na ce malamai sun ambaci hikimomi, kamar cewa ranar liyafar Ubangiji ce ga bayinSa, amma gaskiya wannan yana cikin irin waɗanda da ba a faɗa mana ba da ba mu gano da kanmu ba, muna bi ne don mun yarda da Wanda Ya faɗa. Na ce su ɗauko littattafansu su raba shafi biyu, gefe ɗaya su rubuta hane-hanen da ko ba a faɗa ba zuciya ta san su, ɗaya gefen waɗanda sai da aka faɗa. Da aka zo kan giya gardama ta kaure, rabin aji suna cewa nan, rabi suna cewa can, har ladan ya kira Azahar ba mu gama ba.